Yatsun da Yaya Ya Bari a Ɗakin Sanyi

Manajan kamfanin kifin da yayana ya yi wa aiki tun yana da baƙin gashi ya rufe shi a cikin ɗakin sanyi, ya tafi cin abincinsa. Tun tsakar rana har gab da tashi aiki Yaya yana ciki, shi da kwalayen daskararren kifi. An yanke masa yatsu biyu na hannun hagu. Da aka gama yanka, kamfanin ya ce sakacinsa ne. Abin da ya faru ke nan, ban ƙara gishiri ba, kuma duk wanda ya ce ba haka aka yi ba ya zo ya faɗa a gabana.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa min a fuska: yatsu biyu ne kawai, ku gode Allah ba gawarsa aka fitar ba. Mun gode. Amma kafin ku ce "kawai", ku tsaya ku ji abin da yake yi da yatsun.

Yaya ne babba a gidanmu, ni ce auta. Da babanmu ya rasu Yaya bai yi nisa a sakandare ba, ya ajiye littattafai ya tafi dako a tashar manyan motoci. Da guminsa na gama makaranta. A tashar ne wani direba mai dogon zango ya manta kaset a kan benci, kaset ɗin da rubutun jikinsa ya goge. Yaya ya kawo shi gida ya sa a rediyon Baba. Ina tuna yadda Mama ta fito daga kicin a guje da ludayi a hannu, ta ɗauka wani abu ne ya fashe. Kiɗan Turawa ne, irin mai nauyin nan da ake kira rok: jita tana gurnani kamar injin markaɗe, ganga tana dukan ƙirjin mutum, wani kuma yana ihu kamar an taka masa ƙafa.

"Wannan wace irin masifa ce ka kwaso mana?" in ji Mama.

"Mama, tsaya ki ji nan. Nan, nan!"

A tsakiyar waƙar mai ihun yakan yi shiru, jita ta rage ita kaɗai. Sai ta hau sama, ta yi ta hawa, ta tsaya a wani wuri tana rawa kamar muryar macen da take ƙoƙarin haɗiye kuka. Yaya ya rufe ido. Mama ta jira ya buɗe, sannan ta ce, "To, an ji. Rage, maƙwabta suna da marar lafiya."

Wannan wurin shi Yaya yake kira "kukan". Daga baya yaransa sun samo sunan waƙar a waya, sun faɗa min ya fi a ƙirga, amma ba ya zama a bakina. A gidanmu sunanta waƙar direba.

Tun ranar ya ce sai ya kaɗa ta da hannunsa. Amma akwai mu, sannan aure, sannan yara, sannan aikin kamfanin kifi, inda yake shiga ɗakin sanyi da safe ya fito da yamma leɓe a tsage. Jita sai dai ya gan ta a talabijin. Abin da ya rage masa shi ne farkon waƙar, wannan bugun mai nauyi, wanda yake kaɗawa a kan duk abin da hannunsa ya taɓa: tire, murfin bokiti, bayan jaririn da yake rarrashi, ƙarfen amalanken da suke tura kwalaye. Abokan aikinsa suka sa masa suna Tauraro. Akwai Dogo, abokin turin amalankensa, wanda ba ya barinsa ya sha ruwa.

"Tauraro, yaushe za mu gan ka a talabijin?"

"Ranar da ka yi wanka, Dogo. Ka ga dukanmu da sauran jira."

Sai da autarsa ta gama makaranta, furfura ta cika masa gemu, sannan ya sayi jita mai lantarki. Tsohuwa ce, ja, fentin gefenta ya ɓare. A wurin Mai Rediyo ya same ta, wani dattijo mai gyaran kayan wuta a layinsu, wanda ya taɓa kaɗa ganga a otal a zamanin ƙuruciyarsa. Ya haɗa masa da ƙaramar sifika mai gunaguni ko ba a taɓa ta ba. Ina gidan ranar da ya shigo da su. Matarsa ta dubi jitar, ta dube shi.

"Baban yara, na ɗauka firiji za ka kawo mana."

"Haba Maman yara, a cikin firiji nake wuni. Bar ni in riƙe abu mai ɗumi."

Duk wanda ya ce koyon wannan abu wasa ne bai gani ba. Ni na gani. Yatsun da suka wuni a ƙanƙara ba sa lanƙwasuwa, don haka in ya dawo sai matarsa ta kawo masa ruwan ɗumi a roba ya tsoma hannu, sannan ya zauna a bakin gado da jitar a cinya. Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne, sirara, suna yanka. Kan yatsunsa ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, wurin ya yi kanta. Ya zo yana nuna min kantar kamar wanda aka ba lambar yabo.

"Auta, taɓa ki ji. Ko allura ba za ta shiga ba."

"Yaya, kai fa ka kusa yin jika."

"To, jikan zai taso ya tarar kakansa ya iya wani abu ban da ɗaukar kifi."

Farkon waƙar bai ba shi wahala sosai ba, tunda ya daɗe a jininsa. Yatsu biyu ake dannawa, a ja su sama da ƙasa a wuyan jitar, dama kuma tana bugu da ɗan roba. Ranar da sautin ya fara fita daidai, sai da gilashin taga ya yi rawa, maƙwabciyarsu ta leƙo tana tambaya ko janareta ne ya lalace. Kukan ne ya tsaya masa a wuya. Mai Rediyo ya nuna masa cewa wannan sautin ba dannawa kawai ake yi ba. Ana danna tsirkiya da yatsan zobe, na tsakiya yana bayansa yana tallafa masa, sai a ture ta sama da ƙarfi har muryarta ta ɗaga, a riƙe ta a can, a girgiza. In turin bai kai ba, sautin ya fita kamar kyanwar da aka rufe a kwali. In ya wuce, tsirkiya ta tsinke. Ya tsinka da yawa. Ɗaya ta taɓa tsarge shi a kunci, ya je aiki da tabo, Dogo ya yi ta yaɗawa wai Maman yara ce ta gaji da kiɗan ta yakushe shi.

Autarsa ta koya masa rage gudun waƙar a waya, ya riƙa bin ta a hankali kamar mai bin tsoho a hanya. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, yana kan wuri ɗaya. Ni kaina na gaji da ji. Na taɓa ce masa ya canza waƙa mana, duniya cike take da waƙoƙi. Ya ce, "Ba waƙoƙi nake so in iya ba, Auta. Wannan nake so."

Duk Asabar da yamma yana zuwa bayan shagon Mai Rediyo, wani ɗaki cike da matattun talabijin. Mai Rediyo yana kan ganga, mai askin layin yana riƙe da jita mai kaurin murya, shi ne kuma mai ihun, ko da yake bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Tsofaffi uku, ƙofa a rufe. Wata Asabar sai ga Yaya a ƙofar gidana, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ya fita! Auta, ya fita!"

"Wa ya fita?"

"Kukan! Na tura ta ta kai, ta tsaya. Mai Rediyo har ya saki sandar ganga."

Sau ɗaya ya fita, sannan ya ɓace, sannan ya fara dawowa jefi-jefi. Suka yanke cewa Asabar ta ƙarshen wata za su buɗe ƙofar shagon, su fito da benci, iyali da maƙwabta su zo, Yaya ya kaɗa waƙar direba daga farko har ƙarshe a gaban mutane. Abin da yake nema a duniya ke nan. Ba talabijin ba, ba suna ba. Sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, mu muna zaune.

Yanzu bari in faɗa muku yadda ƙofar ɗakin sanyin nan take. Ƙofa ce mai kauri kamar katifa, in ta rufu ko ihu ba ya fita. Tana da mariƙi a waje, tana da wani a ciki, don wanda aka rufe ya iya buɗe wa kansa. Na cikin ya karye tun da daɗewa, saura ɗan guntun ƙarfe. An faɗa wa manaja, an sake faɗa, ya ce ana nan ana dubawa. Sai ma'aikata suka samo dabararsu: duk wanda zai shiga ya tokare ƙofar da akwatin katako. Kowa a wurin ya san in ka ga akwati a bakin ƙofa, akwai mutum a ciki. Manaja ya tsani akwatin nan. Ya ce sanyi yana fita, wuta tana tafiya a banza. Shi ne kuma ya kafa dokar kowa ya bar wayarsa a ɗakin canza kaya. A bango an liƙa cewa mutum biyu ne za su riƙa shiga tare, amma tun da ya rage ma'aikata babu wanda ya sake samun na biyu.

Ana gobe Asabar ɗin, tun safe Yaya yake cewa da zai samu yammar nan da ya ƙara maimaita kukan, don har yanzu yana kuɓuce masa. Dogo ya ce, "Sulale mana, Tauraro. In an tafi cin abinci ka bi ta baya, mu za mu rufa maka asiri." Yaya ya ce a'a, shi bai taɓa gudun aiki ba, ba zai fara da furfura ba.

Da tsakar rana ya shiga can ƙuryar ɗakin ya jera kwalaye, ya tokare ƙofa kamar kullum. Manaja ya zo wucewa, ya ga ƙofa a buɗe, ya sa ƙafa ya shure akwatin, ya tura ta ta rufu. Bai leƙa ba. Bai ce "akwai mutum?" ba. Kalma biyu.

Da aka dawo daga cin abinci ba a ga Yaya ba. Dogo ya yi murmushi, ya ƙyafta wa sauran ido. Duk suka ɗauka ya ji shawara. Har manajan ya tambaya ina dattijon nan, Dogo ya ce ya bi motar kai kaya. Suka raba aikinsa a tsakaninsu, suna jin daɗi suna taimakon abokinsu, shi kuwa yana bayan bango ɗaya da su. Kayan da za a fitar ranar duk a wani ɗakin sanyi na daban suke, babu wanda ya sake taɓa ƙofar.

Abin da ya yi a ciki sai daga baya ya faɗa min, a guntu-guntu. Ya yi ihu, ƙarar injin sanyi ta cinye. Ya cire safar hannun hagu don ya iya kama guntun ƙarfen nan da yatsu, yana dukansa da ƙugiyar jan kwali da hannun dama. Yatsun a jiƙe suke, suka manne da ƙarfen, da ya fizge fata ta zauna a can. Ya cusa hannun a hammata, ya ce duk abin da zai faru kar ya taɓa wannan hannun. Sannan ya samu bututun da ya ratsa bango ya yi ta duka.

Bututun ya bi ta wurin wanke hannu. Wata tsohuwa mai shara da suke kira Inna ta ji bugun tun da wuri, ta ɗauka injin ne yake halinsa. Sai can da yamma tana wanke tsumma ta ji bugun ya canza, ya koma wani abu da kunnenta ya sani. Yaya ya ce shi bai ma san ya canza ba, hankalinsa ya fara tafiya, hannun ne ya koma abin da ya saba. Inna ta saki tsumma ta fito.

"Kai Dogo, ina Tauraro?"

"Inna, rufa mana asiri, yana gida yana kiɗa."

"Yana gida uban wa yake kaɗa waƙarsa a bututu?"

Dogo ya ce bai san lokacin da ya isa ƙofar ba. Suka tarar da shi a durƙushe, gemu ya yi fari fat da ƙanƙara, hagu a hammata, dama tana ɗaga ƙugiya da ƙyar.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da ta cewa a kansu. An yi ta jira ko yatsun za su dawo. Kullum in na je sai ya ɗaga hannun ya ce, "Auta, duba, kamar yau sun fi jiya haske ko?" Ni kuwa ina gani suna ƙara baƙi. Na tsakiya da na zobe aka cire. Da aka fito da shi daga ɗakin tiyata, abin da ya fara tambayar likita shi ne, "Har da kantar?" Likita bai gane ba. Ni na gane, na fita waje.

Dogo ya zo asibiti, ƙato da shi, ya durƙusa a gefen gado yana kuka kamar yaro. Yaya ya dafa kansa da hannun dama.

"Tashi, kar ka jiƙa min zanin gado. Alheri ka yi niyya."

"Ni na ce kana gida, Tauraro. Da bakina."

"To ai ka ga amfanin ƙarya. Tashi ka je ka yi wanka."

Daga kamfani kuwa wani mai ɗaure da wuya aka turo, da ledar lemo. Ya ce sun yi bincike, sun gano Yaya ya shiga shi kaɗai, ya karya dokar da ke bango. Ya ce ya zauna a gida ya huta. Kafin ciwon ya warke an sa wani a gurbinsa.

Jitar ta daɗe a saman kabad. Wata rana da yamma ina gidan, ya ce wa matarsa ta sauko da ita. Ta dube ni, na dube ta. Ya goge ƙura, ya jona sifika, ya zauna a bakin gado. Da yatsan nuni da ɗan ƙaramin ya kama farkon waƙar, kuma wallahi ya fita. Gilashin taga ya yi rawa. Maman yara ta toshe baki da gyale. Ya bi ta tiryan-tiryan, kansa yana kaɗawa, har ya iso inda mai ihu yake yin shiru. Na ga hannun ya tafi wurin da kansa, dungulmin yatsun nan biyu suna motsi a iska, suna neman tsirkiyar da ba za su taɓa ba. Ya gwada da ƙaramin, ya tura, ƙaramin ya lanƙwashe. Ya gwada da na nuni, sautin ya tashi kaɗan ya faɗo. Ya sake. Ya sake. Sai ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin, ɗakin ya yi tsit, sai gunagunin sifika.

"Nan ne iyakata," in ji shi.

Mai Rediyo bai yarda ba. Ya zo ya juya tsirkiyoyin, ya ce ya koma dannawa da dama, bugu da hagu, ai akwai masu yin haka. Yaya ya gwada don kar ya ba dattijo kunya. Ɗan robar yana ta zamewa daga hannun, dama kuma ba ta san komai ba, kamar ranar farko. Ita ma sanyin bai bar ta haka ba, kan yatsunta ba ya jin taɓi sosai. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wancan hannun sai da ya ci rabin furfurata kafin ya koya. Wannan me zan ba shi?" Ya roƙe shi ya mayar da tsirkiyoyin yadda suke.

Yanzu yakan ɗauke ta wani lokaci. Yana kaɗawa daga farko, in ya iso wurin sai ya tsaya, ya yi shiru daidai tsawon kukan, idonsa a rufe, leɓensa yana motsi, sannan ya kama daga inda mai ihu yake dawowa. Ƙofar shagon Mai Rediyo har yau ba a buɗe ta ba. Na ce masa ya kaɗa mana hakan ma, mu ba mu damu ba. Ya ce, "Auta, ba na kiran mutane su zo su zauna su kalli rami."

Makon jiya na je kamfanin da ƙafata. Mai gadi ya hana ni, na ce ya taɓa ni ya gani. Na shiga har bakin ɗakin sanyi. Akwatin katako yana nan a tokare da ƙofa, akwai ɗan wani a ciki. Na leƙa bayan ƙofar, guntun ƙarfen nan ne dai, ba a taɓa shi ba. Manajan ya fito yana "Madam, Madam, a yi haƙuri, a bi ta ofis." Na ce ni ba madam ɗinsa ba ce, ƙanwar mutumin da ya rufe ce. Ya kasa kallon idona, ya ce ana nan ana dubawa.

To, ku masu kamfanin, da ku nake, tunda ku kuka ajiye shi a kujerar. Ku sa mariƙi a cikin ƙofar nan yau, kafin a fitar muku da gawa. Ku tara ma'aikatanku, manajanku ya tsaya a gabansu ya faɗa da bakinsa cewa shi ya shure akwatin, shi ya rufe ƙofa bai leƙa ba, ku janye kalmar sakaci daga kan yayana. Sannan ku zo gidansa, ku da kanku, ba ɗan aike da ledar lemo ba. Ku zauna a ɗakinsa ya kaɗa muku waƙar, in ya iso inda yake yin shiru kar wanda ya duba agogo, kar wanda ya sunkuyar da kai. Ku kalli hannun har ya gama.